Cokalin da Toto Ba Ta Buga Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Haruna, a gidan kawunsa a Sahafa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida kawunka da matarsa da yaran gidan. Allah Ya sa kumburin bakinka ya ragu, kana iya tauna abinci. Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya tsare ka a hanyar Bur Sudan da za ka kama ranar Alhamis, Ya sa ka sauka a hannun mutanen kirki.

Ni Innarka ce nake faɗa, ƙanwarka Sakina take rubutawa. Ta ce rubutunta ba kyau, na ce ai ba kasuwa za mu kai shi ba. Inda ya gagare ka karantawa, ka karanta da ƙarfi, za ka ji muryata.

Tun ranar da Tayyib ɗan maƙwabciyarmu Batul ya fasa maka baki a tashar mota ba ka kwana gida ba. Ka san abin da zan ce, shi ya sa ka tsallaka kogi. To, ga shi na biyo ka a takarda.

Bari in jera maganar yadda na san ta, in na yi kuskure ka gyara a ranka. Aikin dako da ka samu a bakin teku, Tayyib ma ya nema wurin mai ɗaukar 'yan dakon, bai samu ba. Kuka haɗu a tasha, magana ta kawo magana, ya jefe ka da sunan da suke goranta wa mutanenmu da shi, ya ce maka, "Fallati, ku koma inda kuka fito." Ya buge ka da sandar jakinsa na tallar ruwa, haƙorinka na gaba ya karye. Abokinka Mu'awiya ɗan jami'a ya raka ka ofishin 'yan sanda ka buɗe balag, wato ƙara. Yanzu Tayyib yana tsare. Ba shi da katin hidimar soja, kuma ranar Alhamis da safe mota ke zuwa ta kwashe irinsu zuwa sansani, daga sansani sai yaƙin Kudu. Babu mai iya janye ƙarar nan sai wanda ya shigar da ita.

Tayyib ya yi laifi. Ba zan yi masa ado ba. Na ga jinin da ke gaban rigarka, ni na wanke ta. Abin da zan ba ka ba lallashi ba ne, kurakuraina ne. Ban taɓa gaya maka su ba, domin uwa ta fi son 'ya'yanta su ɗauka tun asali da hankalinta aka haife ta.

Na farko ƙarami ne a ido. Lokacin kuna yara, in za mu shiga mota zuwa Bahri wurin gwaggonku, nakan matse hannunka a bakin ƙofa in ce, "Larabci kawai." Wata rana muna kan gada ka hango masunta suna jan taru, ka manta, ka ɗaga murya, "Inna, duba, duba kifi!" Na mintsine ka a cinya har ka yi hawaye. Wani dattijo da ke gefenmu ya ce da Larabci, "Bar yaro ya yi magana, ya hajja, kogin ai na kowa ne." Na juya fuska taga har muka sauka.

Kakanka da ƙafa ya zo ƙasar nan zai je Makka, auduga ta tsayar da shi a Jazira. A can aka haifi babanka, a can aka haife ni, a bukkokin 'yan ƙwadago na bakin gona. Audugar da ta gina rabin garin nan ta bi ta hannunmu. Amma ni na koya maka ka shiga mota kamar wanda ya sato wani abu. Kafin wani ya taɓa ce maka Fallati, ni na riga na nuna maka inda kalmar za ta yi zafi. Saboda haka rabin fushin da kake yi da Tayyib nawa ne. A Bur Sudan ka yi Larabcinka da mai Larabci, ka yi Hausarka da mai Hausa, da muryar da Allah Ya ba ka. In ka haifi naka, kada ka mintsine su a kan gada.

Na biyu ya shafi babanka, Allah Ya ji ƙansa. Ka san shi yana zaune a ƙofar gida yana gyaran rediyon mutane. Ba ka san shi a masaƙar Bahri ba.

A masaƙar, in hantsi ya yi aka busa usur na karin kumallo, kowace ƙabila da kwanon wakenta. 'Yan arewacin ƙasar nan a gindin katanga, Nubawa kusa da famfo, mutanen yamma a bayan ɗakin injin, namu can wajen bola. Mai kula da ma'aikata yakan ce wa namu, "Ku karɓi abin da aka ba ku, ba ku da takardu." Ya juya ya ce wa sauran, "Fallata ne ke karya muku albashi." Kowa ya yarda, domin kowa ya ga rabin gaskiya da idonsa.

Wata rana babanka ya ɗauki burodinsa ya je ya tsuguna a kwanon 'yan arewa. Akwai wani ƙato a cikinsu, Abdul-Azim, mai bakin tsiya. Ya ce, "Kai Fallati, kwanonku ya ɓace ne?"

Babanka ya ce, "A'a. An ce mana naku ya fi mai, na zo in gani." Ya tsoma burodi ya ɗanɗana. "Ashe ƙarya ne. Ruwan famfo ɗaya aka zuba mana."

Aka yi dariya. Abdul-Azim ya ce, "To ci, tunda ka riga ka sa wannan hannun naka."

Da ya dawo ya ba ni labari, ni ban yi dariya ba. Na ce ya kai mutumin nan gaban manaja, ai zagi ne. Ya ce, "Zainabu, wane manaja? Wanda ya raba kwanonin?" Na ce shi dai ba shi da zuciya. Na daɗe ina faɗa masa haka. Shi kuwa ya ci gaba da kai burodinsa kwano-kwano, wani ya bi shi, wani ya zage shi, har aka wayi gari ana karyawa a babban faranti ɗaya, kuma daga farantin nan aka zaɓi waɗanda za su yi magana da yawun ma'aikata, shi da Abdul-Azim a ciki. Suka sa aka daidaita albashin mai takarda da marar takarda. Ba don sun fara son juna ba. Sun dai gane cewa muddin akwai wanda za a biya ƙasa, kowa ƙasa zai tafi.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rushe ƙungiyoyin ma'aikata. Ni murna na yi, Allah Ya yafe mini. Na ce yanzu mijina zai riƙa dawowa gida da wuri, kuma ga masu bindiga sun zo za su gyara ƙasa, kowa ya shiga taitayinsa. Ba a daɗe ba aka sallame su, wai don amfanin jama'a. Rana ɗaya aka sallami babanka da Abdul-Azim, kuma ranar babu wanda ya tambayi ƙabilar kowa. Da babanka ya rasu, Abdul-Azim ne ya riƙe gaban makara, yana kuka kamar yaro.

Inda za ka akwai kwanoni irin waɗannan, na tabbata. Kafin ka yi fushi da wanda ya zage ka a bakin kwano, ka ɗaga kai ka ga wanda ya raba su, yana tsaye a inuwa. Aiki ɗaya aka ajiye muku kai da Tayyib, mutum biyu masu jin yunwa. Wanda ya ajiye shi ɗaya bai ji ko ƙwarzane ba.

Na uku shi ne ya sa nake wahalar da hannun Sakina.

Bayan an sallami babanka na fara sayar da shayi a bayan kasuwar Suk Libya, ƙarƙashin itatuwan darbejiya inda manyan motoci ke tsayawa. Mun kai mata goma sha wani abu a layin. Kowacce da murhun gawayinta, da butocinta, da 'yan kujerun igiya. Babu mai lasin a cikinmu, domin ba a ba irinmu. Saboda haka kullum muna cikin tsoron kasha. Ka san kasha, motar 'yan sanda ta faɗo ba sallama, a kwashe murhu da buta da kujera, wani lokaci har da mai su.

Muna da dabararmu. A bakin layi, inda ake hango titi, akwai wata Banubiya mai suna Toto. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. In ta hango kaki, ko da mutum ɗaya ne, sai ta buga cokali a kan faranti. Ta kusa da ita ta karɓa, ta gaba ta karɓa, kafin ka ƙifta ido ƙarar ta kai ƙarshen layi. A kwara wa gawayi ruwa, a tura kaya cikin shagunan da ke ɓoye mana, a ja mayafi a zauna kamar masu jiran mota. Doka ɗaya ce a layin, ba a rubuta ta ba: ko kuna gaba da mace, in kin ji cokali sai ki buga mata.

Maƙwabciyata a layin sunanta Nafisa, daga wani ƙauye na arewa, mijinta ya tafi neman aiki bai sake aiko ko gaisuwa ba. Direbobi suka fara barin wurinta suna zuwa nawa, saboda ina sa citta da yawa a gahawa. Wata safiya na tarar ta jera kujerunta a inuwata. Na yi magana, ta yi magana. Ta sa ƙafa ta hankaɗe butata, tafasasshen ruwa ya zubo mini a ƙafa. Ta ce, "Fallatiya, kun cika mana ƙasa, kun cinye mana abinci, har inuwa sai kun ƙwace?" A gaban direbobi ta faɗa. Tabon da ke ƙafata ta hagu, wanda na ce muku garwashi ne, shi ne wannan.

Toto ta zo ta shafa mini man goge baki a ƙunar, ta ce, "Bari yamma ta yi mu zauna." Haka muke yi. Manyan layi su zauna a kan mai laifi, a hana ta inuwa na 'yan kwanaki, ko a sa ta ba ki gawayinta, ta ba ki haƙuri a gaban kowa.

Na ce, "Na gaji da zama. Ƙasar nan akwai hukuma."

Da na gaya wa babanka bai hana ni ba, ba halinsa ba ne. Yana kan rediyon wani, bai ko ɗago ba, ya ce, "In kin saki karen da ba naki ba, ki sani ba zai ji kiranki ba."

Na tafi ofishin 'yan sanda. Abin da ya ruɗe ni, Haruna, shi ne kirkin da suka yi mini. Aka ba ni kujera. Aka duba ƙafata aka ce, "La haula." Aka tambaye ni mu nawa ne a layin, wane lokaci kowa ke nan, wane shago ke ajiye mana kaya. Ni kuwa ina ta zuba, ina jin daɗi yau ga babban mutum yana sauraron Zainabu.

Washegari da hantsi ɗan sanda ɗaya ya biyo ni in nuna masa Nafisa. Ina gaba yana baya. Muna shan kwana Toto ta hango kaki. Na ga ta ɗaga cokali. Sai na ɗaga mata hannu na ce, "Bari, nawa ne, tare muke." Ta dube ni, ta dubi mutumin, ta ajiye cokalin.

Motar tana bayanmu, ban sani ba.

Ba a bar ko kofi ɗaya a layin ba. Suka shiga shagunan da na lissafa musu ɗaya bayan ɗaya. Ɗan sandan da na zo da shi, shi ya ɗauki butata da hannunsa. Na ce, "Ni ce fa na kawo ƙara." Ya ce, "Kina da lasin?"

Nafisa tana da ɗan'uwa da ya san wani, kafin magariba ta dawo gida, an yi mata faɗa kawai. Toto ba ta da kowa. Aka bi ta har ɗakinta a bayan gari, aka ce an sami giya. Ko an samu ko ba a samu ba, ban sani ba, ban gani ba. An yi mata bulala, ta yi watanni a kurkuku, 'ya'yanta suka warwatsu gidajen mutane. Kalmar da ta kai ni ofishin kuwa, babu wanda ya sake ambatonta. Da na koma in tambayi inda ƙarata ta kwana, sai aka ce in kawo takardar shaidar ɗan ƙasa tukuna.

Matan layi ba su zage ni ba. Da sun zage ni da ya fi sauƙi. Na yi aron murhu na dawo, ana gaisawa da ni, ana ba ni canji, amma na lura in cokali ya taso daga bakin layi yakan mutu kafin ya iso wurina. Sau biyu aka sake kwashe ni a haka. Ban yi ƙorafi ba.

Da Toto ta fito na je gaishe ta. Tana zaune a ƙasa tana tsefe kan 'yarta. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. Ta ce, "Zainabu, bulala ta warke. Abin da ke hana ni barci, cokalin yana hannuna."

Ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi mini.

Ni da Nafisa kuwa, talauci ne ya shirya mu. Ni ba buta, ita ba murhun kirki, sai muka haɗa, wuta ɗaya, kowa da kofunanta. Ba mu zama ƙawaye ba, har yau. Amma ban sake jin kalmar nan a bakinta ba, kuma ranar da wani direba ya faɗe ta a gabanta, ita ta karɓe kofin daga hannunsa ta ce ya je ya sha a gidan ubansa. Hukuma ba ta koya mata wannan ba. Ni ma ban koya mata ba. Wutar da muka tsuguna a kanta tare ce.

Sakina ta gaya mini abin da Mu'awiya ya ce ranar da ya zo ɗaukar kayanka. Wai a wasu ƙasashe akwai doka ta musamman, in mutum ya buge ka saboda ƙabilarka sai a ninka masa hukunci, kuma wai irinta muke bukata a nan. Wai shi ya sa ya ce ka nanata kalmar a gaban ɗan sanda, domin ta fi haƙori nauyi. Mu'awiya yaron kirki ne, zafin da yake ji na gaskiya ne. Ni ban yi karatu ba, ban san ƙasashen ba. Tambaya kawai nake da ita, ka kai masa. In an yi dokar, a hannun wa za a sa ta? Wanda ya ce kawunka ya kawo shaidar inda aka binne kakan kakansa kafin a ba shi takardar ɗan ƙasa, shi ne zai hukunta wanda ya ce kai ba ɗan ƙasa ba ne? Mai gidan da ya ce ba ya ba Fallata haya, da mai ofishin da ya ga sunanka ya ce aiki ya cika, su ba sa zagi, da murmushi suke yi, dokar ba za ta san ƙofarsu ba. Wanda za ta samu shi ne mai jaki, wanda ya yi nasa da ƙarfi a tasha. Kuma duk sandar da aka ƙara wa nauyi saboda mu, ranar da aka juyo da ita kanmu ba za a rage mata nauyin ba.

Ba na ce zaman unguwa aljanna ba ne. Na ga inda dattawa suka danne gaskiyar marar gata don mai shago ya ji daɗi. Akwai kuma lamarin da ya fi ƙarfin unguwa, ban musa ba, kuma in irinsa ya zo ban san abin da zan ce maka ba. Abin da na sani, a zaman unguwa kana da baki daga farko har ƙarshe. In hukunci ya yi kaɗan ka ce ya yi kaɗan, in ya wuce gona da iri ka ce ya isa. A can kuwa bakinka na minti ɗaya ne, lokacin da suke bukatar suna.

Jiya na raka Batul kai wa ɗanta abinci. Ba ita ta roƙe ni ba. Na ganta ta fito da kwano tana tafiya kamar wadda ba ta san hanya ba, na karɓi kwanon. Ofisan da ke kan tebur ya ce, "Wace ce uwar yaron?"

Batul ta ce ita ce.

"Ke fa?"

Na ce, "Uwar wanda aka buga."

Ya ajiye alƙalami ya dube ni. "Kuma kin kawo wa wanda ya buga abinci?"

Na ce, "Uwarsa ta dafa. Ni kwano na riƙo."

Ya yi dariya, ya kira na kusa da shi ya zo ya ga abin mamaki. Sannan ya tambayi sunanka, da sunan babanka, da na kakanka. Da ya ji na kakanka ya ce, "Ku asalinku daga ina ne?" Na ce Jazira. Ya ce, "A'a, asali nake nufi." Maganar Tayyib ce, Haruna, an dai sa mata riga mai guga.

Na tambaye shi ko uwa za ta iya janye ƙarar ɗanta. Ya ce a'a. Ya ce, "Ɗanki ya zo da ƙafarsa ya janye kafin motar Alhamis, sai uwar wannan ta tsaya masa ya tafi gida. In mota ta zo, ba nawa ba ne, ba naku ba ne."

An bar mu mun ga Tayyib ta tsakanin ƙarafa. Ya rame a 'yan kwanakin nan. Bai iya kallon fuskata ba. Ya ce, "Inna, wa ke kawo muku ruwa yanzu?" Inna ya ce, kamar yadda ya saba tun kuna wasan ƙwallon tsumma a ƙofar gida. Na ce, "Bakin da ya ce Inna shi ne ya ce Fallati?" Ban ƙara ba. Ban je don in sauƙaƙa masa ba.

Ga abin da dattawan unguwa suka tsayar, nasu da namu, liman yana wurin. In ya fito, ranar Laraba bayan la'asar zai tsaya a ƙofar masallaci, a gaban mutanen da suka san shi tun yana cikin tsumma, ya maimaita abin da ya ce maka da bakinsa, sannan ya janye shi. Gyaran haƙorinka yana kansu. Kuma kai za a tambaya ko ya isa. In ka ce bai isa ba, za a ci gaba da zama. Batul har jakin ta jawo ta ɗaure a ƙofarmu wai diyya. Na ce me zan yi da jaki, ina da kai da kawunka.

Wataƙila ka ce wannan ya yi arha. Ka auna da kanka. A gefe ɗaya haƙori da kalma mai ɗaci, a ɗaya gefen yaron da bai taɓa riƙe abin da ya fi sandar jaki ba, a tura shi daji ya harbi waɗanda su ma an ce musu ba 'yan ƙasa ba ne. Ka san gidaje nawa a layinmu aka yi zaman makoki ba gawa. In Tayyib bai dawo ba, babu wanda zai ce hukuma ce. Za a ce ɗan Zainabu ne. Yaran Batul za su girma da kalmar nan a bakinsu, wannan karon da dalili. Kai kana bakin teku, Sakina ce za ta riƙa wucewa ta ƙofarsu.

Ba zan haɗa ka da nonon da ka sha ba. Na ga iyaye mata suna yin haka, ɗa ya bi umarni, zuciyarsa ta tafi wani wuri. Bakinka aka fasa, ba nawa ba, kai ke da hakki. In ka zo, ka zo don ka ga abin da na gani.

Ranar Laraba ba zan hura wuta ba, Nafisa za ta riƙe mini masu sayena. Zan zauna a gindin katangar da ke kallon ofishin, ni da Batul, daga safe har a kira azahar. Motar Sahafa tana sauke mutane a bakin titin, ba sai ka biya ta gida ba.

Na gaya maka ranar da na ɗaga hannu na ce kada a buga. Yau ni ce a bakin layi, na hango motar, kuma kai ne kake tafe a gabanta ba ka waiwaya ba. Takardar nan cokalina ce. Na buga.

Ko ka zo ko ba ka zo ba, addu'ata ɗaya ce. Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ruwa da sharrin zuciyarka in ta yi zafi. Allah Ya ba ka abokan kwano na gari, Ya sa guminka ya zama halal. Kada ka ɗauki buhun da ya fi ƙarfinka don a yaba maka. Ka riƙe salla. Na sa maka garin citta da busasshiyar kuɓewa a ƙullin da kawunka zai ba ka. Allah Ya dawo mana da kai da ƙafafunka, Ya mayar wa kowace uwa da nata. Amin.

Innarka,
Zainabu

Yaya, ni ma ina gaishe ka. Jakin yana nan a ƙofa, Batul ta ƙi zuwa ta kwance shi. Ni nake ba shi ruwa.

Sakina